Bakina ya sha wuya kafin ya iya cewa "ni na yi"

A shekarar 2024 na nemi gurbin karatun MBA, digiri na biyu a harkar tafiyar da kasuwanci. Lokacin na yi shekara shida ina aiki a wani banki a Kano, kuma duk Asabar ina kasuwar Dawanau wurin Baba, ina riƙe masa littafin lissafin riɗi da zoɓo. Duk wanda na faɗa wa niyyata, da GMAT, jarrabawar da makarantun MBA suke tantance masu nema da ita, yake fara tsoratar da ni.

Ita na fara kamawa kuwa. Na faɗo daidai lokacin da aka sauya mata fasali a farkon shekarar. Sabuwar kashi uku ce: lissafi, fahimtar Turanci, da nazarin bayanai, kowane kashi minti 45, maki kuma daga 205 zuwa 805. Lissafin bai wuce na sakandare ba, sai dai tambaya 21 ce babu kalkuleta, kuma in ka amsa daidai kwamfutar takan ƙara wa ta gaba nauyi. Wani abokina ya ba ni tsofaffin littattafansa, na kwashe wata guda bayan sallar Asuba ina fama da gyaran jimla da lissafin kusurwoyi, ashe duka biyun an cire su. Zaman farko na samu 575. Na koma bayan wata uku na samu 655.

Takardar sakamakon jami'a ma ta ci min wata uku da zirga-zirga tsakanin ofisoshi. Wanda duk yake da wannan niyya, ya fara nemanta tun kafin ya buɗe littafin GMAT, domin zagayen farko na karɓar takardu a yawancin makarantun MBA na ƙasashen waje wajen watan Satumba yake rufewa.

Amma duk wannan wahalar jiki ce. Inda na tsaya cak shi ne rubutun bayanin kai. Makarantar tana so ka ba da labarin abin da ka jagoranta, inda ka faɗi, da abin da kake son zama. Mu kuwa da "yabon kai jahilci" aka raine mu. A gidanmu ko gwaninta ka yi, cewa kake Allah ne ya taimaka, ka yi shiru. Rubutuna na farko shafi biyu ne, kusan kowace jimla da "mun" ta fara: mun buɗe reshe, mun ƙara yawan masu ajiya. Wata yayar abokina da ta yi irin wannan karatu a Ingila ta karanta, ta kira ni a waya.

"Ƙanina, na karanta har ƙarshe ban gan ka a ciki ba. Kuma ina Dawanau?"

Na ce, "Yaya, ai wannan taimakon gida ne, ba aiki ba."

Ta ce in ba ta labarin taimakon gidan. Sai na faɗa mata yadda masu fitar da zoɓo zuwa Meziko suke yawan rage mana kuɗi saboda danshi da ƙasa a cikin buhu. Na faɗa mata yadda na sayo ɗan ma'aunin danshi da albashina, na kawo shawarar a ɗauki mata su riƙa tsince kayan a kan tamfol kafin a ɗinke buhu. Baffa, ƙanin Baba, ya ƙi sam, ya ce shekara talatin da hannu yake gane busasshen kaya. Ban yi musu da shi a gaban yaran shago ba. Gida na same shi bayan Isha'i, na roƙe shi mu gwada da buhu ashirin kawai, shi ya taɓa da hannu, ni in auna. A yawancinsu hannunsa da na'urar sun yi daidai, a huɗu suka saɓa, kuma waɗannan huɗun ne mai saye ya ware. Tun daga ranar ma'aunin a aljihun Baffa yake kwana.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan shi ne rubutun naka. Jeka ka rubuta shi, ka sa 'na' a inda kai ka yi, ka bar 'mun' a inda ku kuka yi." Wannan rabon ne ya kwantar min da hankali. Ban ƙwace wa Baffa nasa ba, ban kuma ɓoye nawa ba.

Haka na sake fama da wasiƙar shaida. Ogana mutumin kirki ne, ya rubuta cewa ni yaro ne mai ladabi da biyayya da riƙon amana. A wurinmu babu yabon da ya fi wannan, amma masu tantancewa aiki suke son gani da ranarsa da sakamakonsa. Da kunya na koma ofishinsa na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ambaci bashin manoman nan da muka farfaɗo?" Ya yi murmushi ya ce in tuna masa ayyukan ɗaya bayan ɗaya, shi zai rubuta da kalmominsa.

Makarantu uku na nema. Ɗaya ba ta kira ni ba, ɗaya ta sa ni a jerin masu jira. INSEAD, wadda take Fontainebleau a Faransa, ita ta gayyace ni ganawa, kuma tsofaffin ɗalibanta biyu ne suke yin ganawar, kowa daban. Na shirya amsoshi a kan banki, amma na biyun kusan rabin sa'a ya yi yana tambayata Dawanau: wa yake ba wa bashi, yaya ake yarda da dillali ba tare da takarda ba, me zan canza in an bar min shagon.

Ranar da saƙon karɓa ya zo, na kai wa Baba yana zaune a kan buhun riɗi. Ya sa albarka, ya tambayi kuɗin makarantar, na faɗa, ya daɗe bai ce komai ba. Na ce masa ina neman tallafin makarantar, sauran kuma bashin karatu. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To littafin fa, wa zai riƙe?" Asabar ɗin da ta biyo na zo da ƙanwata Dawanau, na buɗe mata shafin farko.