Sandar Bautista da Rahoton da Aka Dawo Mini da Shi

A shekarata ta farko a teburin wasanni na gidan jaridar da na fara aiki, duk wasan da manyan ma'aikata ba su son taɓawa ni ake turo wa, kuma ta haka ne besbol ya faɗo hannuna alhali ban taɓa ganin an buga shi ido da ido ba. Sai da na kwashe makonni kafin na fahimci ƙashin bayan wasan: mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai tsakaninsa da mai bugu, shi kuwa mai bugu yana riƙe da sanda yana ƙoƙarin dukan ƙwallon domin ya zagaye tashoshi uku ya dawo gida ya ci maki. Idan ya doke ta har ta ƙetare katangar fili, to babu mai tare shi, zai zagaya a natse tare da duk abokansa da ke kan tashoshin. Ana yin turmi tara, kuma masu masaukin baƙi ne ke bugu na ƙarshe, saboda haka idan irin wannan bugu ya ba su rinjaye a turmin ƙarshe, wasa ya tashi nan take. Japanawa suna laƙaba masa kalmarsu ta ban kwana, ni ma a rubutuna bugun sallama nake kiransa.

Ranar 14 ga Oktoban 2015, Toronto Blue Jays ta karɓi baƙuncin Texas Rangers a wasa na biyar na karawarsu a wasannin neman kambu, wanda duk ƙungiyar da ta faɗi ta fita daga gasar. A turmi na bakwai José Bautista na Toronto ya doki ƙwallon da Sam Dyson na Texas ya jefo masa, ta tafi can cikin 'yan kallo, maki uku suka shigo a lokaci guda, aka tashi wasan 6 da 3. Ba bugun sallama ba ne a ƙa'ida, tun da akwai sauran turmi biyu, amma shi ne ya yanke hukuncin wasan. Abin da duniya ta riƙe shi ne abin da ya biyo baya: Bautista ya tsaya ƙyam yana kallo, ya ɗaure fuska, sannan ya yi wurgi da sandar sama gefe guda kamar wanda ya gama da ita har abada. Wannan ɗan gajeren bidiyon kaɗai na kalla, na karanta abin da Dyson ya faɗa bayan wasa cewa ya kamata Bautista ya girmama wasan, na zauna na rubuta sharhi mai zafi a kan girman kai da rashin tarbiyyar 'yan wasan zamani. Na ji daɗin rubutun ƙwarai, domin zagin mai alfahari abu ne mai sauƙin rubutawa, kuma yana sa marubuci ya ji kamar dattijo.

Editanmu, wanda ya girme ni da shekaru kusan talatin, ya karanta takardar a tsaye, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, ka kalli turmin gaba ɗaya, ko dai jifan sandar kawai ka gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya yi ai a fili yake." Ya miƙo mini takardar ya ce in je in kalla tukuna, sannan in dawo in gaya masa abin da ya faru kafin sandar ta tashi, da kuma wanda aka jefa da ita.

Wannan turmi ɗaya ya ɗauki minti 53. A farkonsa ana kunnen doki 2 da 2, sai mai cafe ƙwallo na Toronto, Russell Martin, ya zo mayar wa mai jifa da ƙwallo, ta bugi sandar mai bugun Texas, Shin-Soo Choo, ta gangara, abokin wasansa Rougned Odor ya ruga gida ya ci maki. Alƙalan wasa suka yi ta shawara, daga bisani suka amince da makin, 'yan kallo suka fusata suka shiga jifan fili da gwangwanaye. Birnin da rabonsa da shiga wannan mataki na gasar tun 1993 yana gab da fita saboda wani tsautsayi da mafi yawan mutanen filin ba su taɓa ganin irinsa ba. Da Toronto ta karɓi bugu, 'yan Texas suka yi kuskure uku a jere, aka rama makin, sannan Bautista ya shigo. Mutum ne ɗan Jamhuriyar Dominika da saura 'yan kwanaki ya cika shekara 35, wanda a shekarar 2004 kaɗai ƙungiyoyi suka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu kamar kayan da babu mai so, wanda bai yi suna ba sai a 2010 da ya ƙetare katanga sau 54, kuma wannan ne karonsa na farko a wasannin neman kambu. Da na sake kallon jifan sandar bayan duk wannan, sai na ga mutum ne da abin da ya daɗe yana cin ransa ya fashe masa a lokaci guda, kuma sandar ba ta doshi kowa ba. Har yanzu ina ganin tsayuwar da ya yi ta ɗan yi tsawo, kuma da ni ne Dyson da ta yi mini ciwo, amma sharhin da na rubuta ya yi wa mutumin hukunci a kan daƙiƙa kaɗan da aka yanko daga tsakiyar labari.

Daga nan na shiga bin tarihin abin, sai na tarar murna bayan bugun nasara ta girmi duk masu ƙorafin. Bill Mazeroski ya zagaye tashoshi yana kaɗa hularsa a 1960, lokacin da bugunsa ya ba Pittsburgh kambun duniya a kan New York Yankees a wasa na bakwai. Kirk Gibson, yana ɗingishi da ƙafafu biyu masu ciwo, ya zagaya yana dunƙule hannu yana jan gwiwar hannunsa baya a 1988. Joe Carter ya yi ta tsalle kamar yaro a Toronto ɗin nan a 1993. Babu wanda ake tunawa da shi a cikinsu a matsayin marar kunya, hotunansu ma su ne ake nuna wa yara. To me ya bambanta su da Bautista? Wani ɓangare na amsar yana cikin abin da Amurkawa ke kira dokokin da ba a rubuta ba, waɗanda tsofaffin 'yan wasa ke gadon su baki da baki: kada ka tsaya kallon ƙwallonka, kada ka yi jinkirin zagaye, kada ka kunyata mai jifa. Sai dai waɗannan dokoki al'adar wuri ɗaya ce. A Koriya ta Kudu wurgi da sanda abu ne na yau da kullum da babu mai ɗaga kai a kansa, a filayen Dominika kuwa ana wasa ne cikin kiɗa da ihu. Wanda ya taso yana jin kirarin 'yan dambe kafin a shiga turmi ya san cewa abin da wani wuri ke kira fankama, a wani wurin sashe ne na wasan, kuma na yi mamakin yadda na manta da wannan lokacin da nake rubutu a kan baƙon wasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake hukunta wanda ya karya waɗannan dokoki. Hukuncin shi ne mai jifa ya auna jikinsa da ƙwallo mai tauri da ke gudun fiye da kilomita 140 a awa. Ranar 15 ga Mayun 2016, bayan wata bakwai cur, Matt Bush na Texas ya jefi Bautista a jiki, Bautista ya rama ta hanyar zamewa da ƙarfi cikin ƙafafun Odor a tasha ta biyu, Odor kuwa ya kai masa naushi a muƙamuƙi har tabarau da hular kwanonsa suka yi sama. A besbol, wasan da Ray Chapman ya rasa ransa a cikinsa a 1920 bayan ƙwallo ta same shi a ka, yana da wuya in yarda cewa jifan mutum da gangan shi ne ladabi, jefar da sanda a kan ciyawa kuma shi ne rashin ladabi. A sharhina na farko ban ko ambaci wannan ba, domin na ɗauki ma'aunin masu ƙorafi na yi aiki da shi ba tare da na tambayi abin da su suke yi ba.

Wannan ba ya nufin kowace murna daidai ce. A Satumban 2009 Prince Fielder na Milwaukee ya yi bugun sallama a kan San Francisco, da ya diro gida sai abokansa duka suka zube ƙasa a tare kamar bam ya tashi a tsakiyarsu. An shirya abin tun kafin wasa, kuma shirin ne ya sa nake kallonsa daban, domin wasan kwaikwayo ne da aka tanada don a yi a gaban wanda aka kayar, ko wane ne shi. Kendrys Morales kuma a Mayun 2010 ya yi tsalle cikin abokansa bayan bugun sallama, ya sauka ba daidai ba ya karya ƙafa, bai sake buga wasan gasa ba sai 2012.

Akwai wani abu da na gano a kan sunan da Amurkawa ke kiran bugun sallama da shi, wato "walk-off", wanda ya canja yadda nake rubuta rahoto. Dennis Eckersley, mai jifan da Gibson ya doka a 1988, shi ake danganta wa kalmar, kuma a bakinsa tana nufin tafiyar da mai jifa ke yi daga kan tudu zuwa ɗakin sauya kaya bayan an gama da shi, shi kaɗai, dubban mutane suna ihu a kansa. Sunan ya fito ne daga wanda aka kayar, amma kyamara da alƙalami duka suka koma bin wanda ya yi nasara. Eckersley kansa ya shahara da dunƙule hannu da nuna yatsa idan ya fitar da mai bugu, saboda haka ya ɗanɗani abin ta fuska biyu. Mitch Williams, wanda Carter ya doka a 1993, ya sha barazanar kisa daga magoya bayan ƙungiyarsa ta Philadelphia a lokacin wannan gasa, kuma kafin shekarar ta ƙare an miƙa shi ga Houston a musayar 'yan wasa. Tsallen Carter bai yi masa komai ba idan aka kwatanta da abin da mutanen garinsa suka yi masa, mu 'yan jarida kuma muna da hannu a irin wannan, domin mu ne muke zaɓar wanda za a ɗora wa laifi a kanun labari.

Sharhin da na sake rubutawa a 2015 ya fi na farko tsawo kuma bai kai shi daɗin karatu ba, editan ya rage sakin layi biyu ya wuce da shi bai ce komai ba. Shekara tara bayan haka, ranar 25 ga Oktoban 2024, Freddie Freeman na Los Angeles Dodgers, yana fama da ciwon idon sawu, ya yi bugun sallama mai maki huɗu a turmi na goma, wanda aka ƙara saboda kunnen doki, a wasan farko na neman kambun duniya, ya ɗaga sandarsa sama yana tafiya a hankali kafin ya sake ta. A lokacin ni ne nake duba rubutun wani matashi da aka ɗauka aiki, kuma rahoton da ya kawo mini duk a kan Freeman ne da sandarsa. Na tambaye shi sunan wanda ya yi jifan, bai sani ba. Nestor Cortes ne na Yankees, wanda ya fi wata guda bai yi wasa ba saboda ciwon gwiwar hannu, aka kira shi a mawuyacin lokaci, ya fitar da Shohei Ohtani da jifa ɗaya, jifansa na farko ga Freeman kuma ya ƙare a cikin 'yan kallo. Bayan wasa ya tsaya a gaban 'yan jarida ya amsa tambayoyinsu. Na mayar wa matashin da takardarsa na ce ya je ya kalli turmin gaba ɗaya, ya ƙara mini sakin layi guda a kan Cortes kafin ƙarfe huɗu.