Daga Tanja zuwa Kasabalanka da akwati huɗu

Kwana goma sha ɗaya muka yi a Maroko ni da uwargida. Mun fara da Fas, muka ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, sannan muka haura Tanja shan iskar teku. Duk wannan lami lafiya. Ranar komawa gida ce ta so ta ba mu ruwa.

Jirgin samanmu na dare ne daga Kasabalanka, don haka na yankar mana tikitin Al Boraq, jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya da Sarki Muhammadu na Shida ya ƙaddamar a Nuwamban 2018. Sunan Buraƙa ta daren Isra'i aka sa masa. Tafiyar da a da take cin kusan awa biyar, yanzu awa biyu da minti goma ce.

Matsalar ita ce ni Bazazzagi ne, tashar Kwangila na sani, inda mota ba ta tashi sai ta cika, in ma ka makara ɗan kamasho ya ce a ɗan jira Alhaji. Da wannan tunanin na tsaya cinikin wata butar shayi a tsohuwar kasuwa, ina tayawa mai kanti yana rantsuwa. Muka iso tasha saura minti takwas.

Tikitin yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera, ba inda ka ga dama za ka zauna ba. Jirgin kuma hawa biyu ne, ni kuwa da son kallo na zaɓi sama tun ina saye a waya, ban tuna da kaya ba. Akwati huɗu da jakar bakko guda, cike da jallabiyoyi, takalman fata na Fas da man argan. Wurin ajiye kaya na bakin ƙofa ya riga ya cika. Haka na dinga jan su ɗaya bayan ɗaya a kan matsattsen matakala, gumi na tsiyaya, wani saurayi Balarabe ya kama min na ƙarshe ba tare da ya ce uffan ba.

"Malam, ai tun a Fas na ce maka tsarabar nan ta yi yawa," in ji uwargida. Na yi shiru, duk da rabin kayan na danginta ne na Tudun Wada.

Da muka zauna sai gajiyar ta sake ni. Tsakanin Tanja da Kenitra jirgin yana kaiwa kilomita 320 a awa, amma shayin da na ɗora a kan ɗan teburin gabana ko girgiza bai yi ba. Gonaki da turakun lantarki sai wucewa suke kamar ana fizge su. Daga Kenitra sai ya hau tsohon layi ya sassauta, ya tsaya Rabat, har na zaci wani abu ne ya lalace.

A Kasabalanka a kula, manyan tashoshi biyu ne. Al Boraq a Casa Voyageurs yake tsayawa, ba Casa Port ba, kuma daga nan ake shiga wani jirgin daban, da tikiti daban, zuwa filin jirgin sama na Muhammadu na Biyar. Tazarar awa huɗu da na bari tsakani ita ce kaɗai dabarar da na yi daidai ranar. In zan sake, hawan ƙasa zan zaɓa, in iso tasha da rabin awa, ciniki kuwa in gama shi tun ana gobe tafiya.

Kwana biyu da dawowarmu na tsallaka layin dogo a Sabon Garin Zariya, layin da ya isa Kano tun 1911, na tarar awaki kwance a kan ƙarfen suna tuƙa. Butar shayin tana gida, murfinta ya lotsa a matakalar nan, amma tana dafa shayi.