Inda aka kwana da furen ƙararrawa a Yamai

Ƴan'uwa masu koyon shukar furanni, Platycodon ɗina ta yi fure a wannan damina. Tohon nata yakan kumbura ya zama ƴar balan-balan rufaffiya, sai wata safiya ya tsage gida biyar, shuɗi mai sirkin shunayya, da jijiyoyi masu duhu a ciki. Asalinta China, Koriya, Japan da gabashin Rasha, cikin dangin furen ƙararrawa, Campanulaceae, mai nau'i sama da 2,000. Mutanen Koriya har cin saiwarta suke yi.

Wani abokin koyo ya kawo mini reshen duman kada daga bakin kogin Isa, wai ga irinta nan a banza, me ya kai ni wahala. Ba ita ba ce. Duman kada yaɗo yake yi a ƙasa, ita kuwa a tsaye take, bakin ganyenta da ƴan haƙora. Kada ku dogara da farin ruwan da ke fita in an tsinke ganye, tumfafiya ma tana da shi. Ku juya furen ku duba ƙeyarsa: a wannan dangi jakar iri tana ƙarƙashin furen, koriya, a fili kuna ganinta. A duman kada tana ɓoye can cikin furen.

A Disamba na shuka, lokacin da dare ke sauka wajen digiri 15. Irin ƙanana ne, baƙaƙe masu sheƙi, kuma sai da haske suke tsira, don haka ba a binne su. Dannawa kawai ake yi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Iskar hunturu tana busar da saman tukunya kafin azahar, shi ya sa na rufe bakin da farar leda har suka tsira, tsakanin mako biyu da uku.

A saiwa aikin yake. Guda ɗaya ce, fara, mai kauri, tana nitsewa ƙasa, kuma ba ta son a taɓa ta. Duk wanda ya ce zai riƙa dashe daga wannan mazubi zuwa wancan, ya shirya asara. Tun tana ƙarama ku sa ta inda za ta zauna, tukunya mai zurfi da huda a gindi, rairayin kogi a gauraye da taki wanda ya ruɓe sosai. Baƙar ledar masu saida dashe ba ta yi ba sam. A Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, dafa saiwar take yi. Tukunyar ƙasa ta Bubon, ƙauyen masu ginin tukwane kusa da Yamai, na samo, dabarar randa ce: ruwa na tsatsafowa ta jiki, ciki na yin sanyi. Na ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro, tana shan hantsi, rana na yin tsaka inuwa ta rufe ta.

Duk da haka a tsakiyar bazara saman wasu ya bushe ƙurmus. Na tona gefe da yatsa, na ji saiwar da ƙarfinta, sai na rage ban-ruwa na ƙyale su. Shukar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa, in aka ci gaba da kwarara mata ruɓewa za ta yi. A ƙasarsu ma haka take, samanta ya mutu da sanyi, ta kuma yi nawar fitowa. Nawa sai da ruwa ya zauna suka turo sabon toho.

Yanzu iri nake nema. Garin furen yana riga kan macen, wato ɗan tsinken tsakiyar furen mai karɓar garin, nuna, sai daga baya kan ya buɗe gida biyar. Saboda haka da ɗan tsinke mai auduga nake ɗebo gari daga sabon fure in shafa wa wanda ya kwana biyu. Sauran da suka yanƙwane ina yanke su don ta ƙara toho.