Abin da aikin dare ya koya mini game da jiran sabuwar kyamara

A ƙarshen 2006, lokacin da kamfanin Leica na Jamus ya fito da M8, kyamararsa ta dijital mai ma'aunin nisa, masu ɗaukar hoton jarida da yawa sun ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Tun fitowar M3 a 1954, wannan jerin kyamarori ne ake ɗauka idan aikin na dare ne ko na cikin ɗaki mai duhu: ka sa fim ɗin Tri-X, ka buɗe gilashin kyamara iya buɗewa, ka shiga cikin mutane ba wanda ya damu da kai. Kamfanin Epson ya riga kowa fitar da irin wannan kyamara ta dijital da R-D1 a 2004, amma M8 ake jira, don ana ganin ita za ta kawo wannan tsohon jin daɗi cikin zamanin dijital.

Zaton yana da tushe. Kyamara mai ma'aunin nisa ba ta da madubin da ke tashi ya faɗo duk lokacin da aka latsa, saboda haka ba ta girgiza hannu sosai. Wanda ya iya riƙe numfashi, ya jingina kafaɗa da bango, yana iya ɗauka a ɗaya bisa sha biyar na daƙiƙa hoton ya fito. Tagar leƙenta kuma dabam take da gilashin ɗaukar hoto. A tsakiyarta akwai ɗan fili mai haske inda abu ke bayyana biyu. Kana murza gilashin har biyun su hau kan juna, shi ke nan saiti ya zauna. A duhu, inda kyamara mai saita kanta take ta kai da kawowa tana neman abin da za ta kama, kai idonka ya riga ya kama ƙyallin ƙwayar idon mutum ko bakin hularsa.

Sai dai abin da ya fito bai kai abin da aka yi tsammani ba. Sensar M8, wato abin da ke karɓar haske a madadin fim, wadda Kodak ta ƙera, megafiksel 10 ce da 'yan kai, kuma ISO ɗinta, wato ma'aunin ƙarfin jin haskenta, a 2500 ya tsaya. Tun kafin a kai can hoto ya fara tsaki-tsaki. Sensar ta fi fim ƙanƙanta, don haka gilashi mai milimita 35 ya koma kamar mai 47, ya rage faɗin abin da yake ɗauka, wanda ke son fili sai ya nemi wani gilashin. Ƙarar latsawarta ta fi ta tsoffin na fim. Babbar maganar da ta karaɗe duniya kuwa ita ce ta baƙin yadi: sensar tana jin hasken infrared, wanda ido ba ya gani, fiye da kima, sai baƙin tufa na roba ya fito da launin shunayya, har kamfanin ya riƙa bai wa masu saye matatar haske kyauta su ɗaura a gaban gilashi. Ka ƙaddara wannan a taron da rabin matan wurin baƙar abaya suka sa. Shekara ɗaya bayan haka, a 2007, Nikon ta fito da D3, ƙatuwa mai nauyi da ƙara, wadda ke aiki lafiya a ISO 6400, ana iya tura ta har 25,600. Dare ya koma hannun irin kyamarar da ake cewa ba ta dace da dare ba.

Ni wadda na yi aiki da ita mai ma'aunin nisa ta aro ce, daga wani abokin aiki, a lokacin da nake bin rayuwar dare a Kano. A nan na gane cewa yawan ISO ba shi ne farkon magana ba. Farkon magana shi ne ina hasken yake. Teburin mai shayi da aka ɗauke wa wuta yana da fitila ɗaya, tana rataye sama da gwangwanayen madara da burodi. Wanda ya zauna ya ba ta baya, ko da wace kyamara ka zo, inuwa za ka ɗauka. Amma idan mai shayin ya sunkuya yana shiƙa shayi daga kofi zuwa kofi, fuskarsa takan shiga ƙarƙashin fitilar na ɗan lokaci, tururi ya kama haske, zufar goshinsa ta yi ƙyalli. Wannan lokacin ake jira. Na saita nisa tun da wuri a kan bakin tukunya, na sauke kyamarar a ƙirji, muna ta hira.

“Malam, wai a duhun nan me kake gani?” in ji shi.

“Ranka ya daɗe, kai dai ci gaba da aikinka.”

Da filasha na kunna, da wurin ya watse: kowa ya gyara zama, wani ya rufe fuska, wani ya tambayi wa ya aiko ni. Ƙanƙantar kyamarar ta taimaka, ba shakka, amma gaisuwa da neman izini da zama a sha shayi sun fi ta aiki.

Akwai kuma abin da takardar da ke zuwa cikin kwali ba ta faɗa. Ma'aunin hasken kyamara matsakaici yake nema. Idan ya ga duhu ya cika fili sai ya ƙara haske, dare ya koma kamar magariba, fitila ta ƙone fari fat. Idan kuma farar babbar riga ta cika gaba sai ya rage, fuskar baƙin mutum ta nutse. Saboda haka da hannu nake saitawa, a kan fuska nake aunawa, in bar sauran wurin ya yi duhunsa, tunda da ma dare ne. Ga kuma cakuɗuwar launi: ƙwan janareta rawaya, fitilar caji shuɗi-shuɗi, garwashin mai tsire ja, duk a fuska ɗaya. Sau da yawa baƙi da fari ne mafita, kuma ina ganin shi ya sa Monochrom da Leica ta fitar a 2012, wadda ba ta ɗaukar launi ko kaɗan, ta shiga ran masu aikin dare.

Iyakar kyamara mai ma'aunin nisa ma sai an san ta. Ba ta saita abin da ya matso ƙasa da santimita 70, gilasanta masu jawo nesa kuma a milimita 135 suka tsaya, don haka filin ƙwallo ko dandalin siyasa da aka killace 'yan jarida can nesa ba wurinta ba ne. Idan ka buɗe gilashi mai milimita 50 sosai, zuwa f/1.4, kana kusa da mutum, abin da zai fito tsaf bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Ya ɗan gyaɗa kai, ido ya tafi, kunne ya fito. Ma'aunin nisan kansa ƙarfe ne da madubai ƙanana, idan ya sha jijjiga a bayan babur yana iya gocewa, masu gyaransa kuma ba a kowace ƙasa suke ba. Edita kuwa ba ruwansa da duk wannan. Tambayarsa ɗaya ce da ƙarfe goma na dare: “Hoton ya shigo ko bai shigo ba?”

Yau maganar tsaki-tsaki ta kusa zama tarihi. M9 ta Leica ta zo da cikakkiyar sensa mai girman fim a 2009, M11 ta 2022 tana kaiwa ISO 50,000. Wayar hannu ma tana ɗaukar dare, sai dai hotuna da yawa take haɗawa ta goge ta fitar da ɗaya, kuma ga ɗan jarida wannan abin dubawa ne, don lokacin da ke cikin hoton ba lokaci ɗaya ba ne. Shi ya sa a cikin waɗanda suka fito daga baya abin da ya fi jan hankalina shi ne M11-P ta 2023, wadda ke liƙa wa kowane hoto sa hannun dijital da ke nuna kyamarar da ta ɗauke shi da gyaran da aka yi masa daga baya. Hoton dare shi aka fi zargi da an taɓa shi, kuma idan aka kira ka a ce ka kare naka, wannan shaidar ta fi maka ƙarin ISO amfani.