Godiya bayan kare kundin digirina na biyu

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis na kare kundin digirina na biyu a fannin fiziks a nan Jos, kuma an amince da aikin.

'Yan uwa da yawa sun yi ta tambayata me nake yi a ɗakin gwaji har dare. Allon wayar hannu da sola mai lanƙwasuwa, irin wadda ake haɗawa da sinadaran kabon, duk suna buƙatar wata siririyar shimfiɗa da haske zai ratsa ta, ita kuma ta ɗauki lantarki. Wadda aka saba amfani da ita ana ce mata ITO, haɗin indiyom da ɗan kuza, kuzar nan da aka san Filato da ita. Indiyom yana da tsada da wuyar samu, shimfiɗar kuma tana tsagewa in an lanƙwasa ta. Shi ya sa na koma kan girafin, wanda kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce ta kabon. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓanɓaro shi da salatef daga jikin girafait, wato sinadarin bakin fensir, a Jami'ar Manchester a 2004, suka samu kyautar Nobel a 2010. Falle ɗaya kashi 2.3 cikin ɗari kawai na haske yake sha. Sai dai a nan gizo ke saƙar: falle ɗaya bai kai ITO ɗaukar lantarki ba, in ka ƙara falle kuma haske ya ragu. Tsakanin waɗannan biyun aikina ya tsaya.

Malam, mai duba aikina, na gode. Da gilasan da nake shimfiɗa wa girafin suka yi ta fitowa baƙi ƙirin, ku ne kuka zauna da ni muka sake duba yadda nake wanke su da yadda nake gasa su, har suka fara fitowa garau. Babanmu na ɗakin gwaji, wanda ke tada janareto duk sanda aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, Allah ya ƙara girma. Abokan karatu da suka tafi min da samfuri Abuja don aunawa, ban manta ba.

Umma, kuɗin adashinki ne ya sayi kwalbar sinadarin farko, ko tambayar amfaninsa ba ki yi ba. Allah ya ba ni ikon faranta miki. Uwargida, sannu da haƙuri da dawowar dare cikin sanyin Jos.

Waɗanda suka kira da waɗanda suka turo saƙo, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.