Abin da karayar dunduniya ta koya mini game da tiyata

Ni kafinta ne mai rufin kwano, kuma a wani aiki a Rigasa na faɗo daga saman gini na dira a kan ƙafafuna, ƙashin dunduniyata ta dama ya farfashe. Ƙannena masu hawa tsani, ku ne na fi nufi da wannan magana, domin faɗowa daga sama ce ta fi kawo irin wannan karaya.

Kuskurena na farko shi ne na wuce wajen mai ɗori ba tare da an ɗauki hoton ƙafar ba. Ba raina sana'arsu nake yi ba, amma dunduniya ba ƙashin ƙwauri ba ce da za a ja a miƙe. A samanta akwai gaɓar da ke ba ƙafa damar karkata hagu da dama idan mutum ya taka gargada, kuma hannu ba ya iya gane ko karayar ta shiga cikin wannan gaɓa, sai hoton siti sikan. Na kuma yi shiru a kan ciwon bayan da nake ji, alhali kusan mutum 1 cikin 10 masu wannan rauni kan samu karaya a ƙashin baya. Allah ne Ya tsare ni.

Da na isa asibiti bayan wata guda, sai na dage lallai a yi mini tiyata, a tunanina duk abin da ya fi tsada ya fi kyau. Likita ya zaunar da ni ya ce, malam, idan ƙashin bai goce ba, filasta da ɗage ƙafa da hana ta taka ƙasa na mako 6 zuwa 12 sun wadatar. Idan kuwa ya goce har gaɓar ta lotsa, ko ya huda fata, a nan ake tunanin tiyata, a mayar da gutsattsarin wurinsu a riƙe su da ƙarfe, galibi bayan mako ɗaya ko biyu idan kumburi ya saɓe, sai dai idan ya huda fata, to a nan ana shiga tiyata da gaggawa a wanke raunin. Ita ma tana da haɗarinta, domin fatar wurin siririya ce, ɗinki kan ƙi kamawa ko ya yi mugunya, musamman ga mai shan taba da mai ciwon sukari. Ni kuwa a lokacin ina shan taba. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2014 a kan mutum 151 bai ga bambancin kirki tsakanin hanyoyin biyu ba bayan shekara 2, sai dai waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun matsalar rauni, ko da yake ba a sa masu karaya mafi muni a cikinsa ba.

Tawa ta goce, amma na makara, ƙashin ya riga ya fara haɗewa a karkace. Saboda haka ku je asibiti a ranar da kuka faɗo, ku nemi hoto, ku faɗi gaskiya kan taba, sannan ku bar likitan ƙashi ya auna muku hanyoyin biyu. Yanzu dunduniyata ta yi faɗi, takalmi ƙafa-ciki ba ya shigata, kuma yarana ne ke hawa rufi, ni ina ƙasa ina miƙa musu kwano.