Bayan sallama daga asibiti, wa ke bibiyar mai barin giya?

Abin da mutane da yawa ba su gane ba game da jarabar giya shi ne kwanciya asibiti ba ita ce mai wuyar ba. Sati biyu ko uku a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, an ba mutum magani da bitamin B1, karkarwar hannu ta tsaya, barci ya dawo, shikenan sai a sallame shi dangi su ce alhamdulillahi ya warke. Toh a nan fa aikin ke farawa, domin watanni ukun farko su ne aka fi komawa gidan jiya, ga tsofaffin abokai suna nan, ga giyar leda a shagon kan kwana, ga albashi ya shigo ƙarshen wata, kuma ranar da likita ya ce ya dawo sai kunya ta hana shi, kar a gan shi a layin asibitin ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa nake matuƙar goyon bayan a damƙa bibiyar nan a hannun nas-nas ta waya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi mana kaɗan ƙwarai, kuma tun 2008 hukumar lafiya ta duniya ta fito da shirin mhGAP dan a koya wa ma'aikatan lafiya na gama-gari irin wannan aikin. Nas ta bugo bayan magariba, lokacin da kwaɗayin ke tasowa: "Malam ya ƙarfin jiki, jiya ka samu barci? Maganin fa, ana sha?" Ya ce mata wallahi sista shekaranjiya na ɗan taɓa. Ba faɗa ba gori, ta tambaye shi a ina, da su wa, me ya ɓata masa rai ranar, ta matso masa da ranar ganin likita. Magunguna irin naltrexone da acamprosate suna rage kwaɗayin amma sai in ana sha, kuma wanda ba a tambayarsa yakan ajiye su.

Manhaja ma tana da nata amfanin. A Amurka an gwada wata mai suna A-CHESS a kan mutum 349, sakamakon ya fito a 2014, waɗanda aka ba ita ranakun da suka yi shan wuce kima sun kusa rabin na sauran. Tana da maɓallin neman agaji, kuma in mutum ya doshi mashayar da ya saba sai wayar ta gargaɗe shi.

Ni dai a ganina a wajenmu kiran ya fi manhajar, saboda data da caji, ga wayar ma wani lokacin matarsa ko yaransa na ɗauka, dole saƙon ya zama ba ya tona asiri.

Amma dan Allah wanda ya daɗe yana sha kullum kar a ce ya yanke lokaci ɗaya a gida an dogara da waya. Cikin kwana biyu zuwa uku yana iya jijjiga ko ruɗewa yana gane-gane, kuma hakan na kisa. Wannan matakin sai asibiti.